Bitcoin, Ethereum, Tron ko Solana: wace hanya za ka bi in caji da jira sun ishe ka?

Ƙorafin masu tura kuɗin kirifto bai cika wuce biyu ba. Ko dai an yanke musu caji mai nauyi, ko kuma kuɗin ya maƙale a hanya, mai karɓa na ta bugo waya yana cewa bai ga komai ba. Galibi laifin yana kan hanyar da aka ɗora kuɗin. USDT, tsabar kirifto mai bin darajar dala, ɗin da ke kan Ethereum da wanda ke kan Tron da wanda ke kan Solana duk dala ɗaya suke wakilta, kuma kamfanin Tether ne ya fitar da su duka, amma cajin ɗaukarsu daga hannu zuwa hannu kan bambanta ninkin ba ninkin. Saboda haka kafin ka tura, abu uku za ka fara sani: nawa ne kuɗin, a ina mai karɓa zai mayar da shi kuɗin hannu, kuma awa nawa zai iya jira.

Bitcoin: mota ɗaya duk minti 10

Ɗauki hanyar Bitcoin kamar tashar mota. Mota ɗaya ce ke tashi kusan duk minti 10, kujerunta a ƙayyade suke, kuma direbobin, wato masu haƙar Bitcoin, wanda ya fi biya suke fara ɗauka. Motar ita ce bulok, tana ɗaukar kimanin vB miliyan 1 na bayanai (vB shi ne ma'aunin girman bayanai). Wurin da fasinjoji ke jira shi ne mempool. In tashar babu kowa, ko da ɗan abu kaɗan ka hau. In ta cika, sai gwanjo.

Abin da ke rikita sababbi shi ne cajin bai duba yawan kuɗin da kake turawa, girman bayanan yake dubawa. Ana lissafa shi da satoshi a kan kowane vB, kuma satoshi miliyan 100 ne Bitcoin 1. Aika na yau da kullum daga adireshin da ya fara da bc1q, mai shigarwa ɗaya da fitarwa biyu (ɗaya ga mai karɓa, ɗaya canjin da ke dawo maka), yana cin kimanin vB 141. Mu ƙaddara Bitcoin na dala 100,000 don sauƙin lissafi. In farashin tasha satoshi 5 ne, za ka biya satoshi 705, wajen senti 70. In cunkoso ya kai shi satoshi 100, wannan aikan dai ya zama dala 14. Mai tura dala 20 da mai tura dala miliyan 2 caji ɗaya za su biya.

Akwai tarko na biyu. Duk kuɗin da ya taɓa shigo maka yana zaune a walat ɗinka, wato manhajar da ke riƙe maka kirifto, a matsayin gutsure mai zaman kansa, kamar takardun kuɗi a aljihu, kuma kowane gutsuren da aka haɗa wajen biya yana ƙara kimanin vB 68. Wanda ya riƙa karɓar ƙananan kuɗi har sau 20, ranar da zai tura su gaba ɗaya aikansa zai kai wajen vB 1,430. A farashin satoshi 100, dala 143 ke nan. Maganinsa a haɗe gutsattsarin wuri guda tun tasha na da sauƙi, wato ka tura wa kanka da kanka a ranar da caji ya sauka, sau da yawa ƙarshen mako. Haka kuma tsohon adireshi mai farawa da lamba 1 yana cin wajen vB 226 a aikan da bc1q ke cin 141, don haka sauya adireshi kawai na rage kusan kashi 40 cikin 100.

An sha ganin tashar ta cushe. A Disamba 2017 matsakaicin caji ya haura dala 50. A Mayu 2023, lokacin da ake rububin tsabobin BRC-20 da aka ƙirƙira a kan Bitcoin, sai da dandalin musaya na Binance ya ɗan dakatar da cire Bitcoin saboda cunkoso. A Afrilu 2024, ranar da aka raba ladan haƙa gida biyu a bulok na 840,000, aka kuma ƙaddamar da Runes, wani sabon tsarin fitar da tsabobi a kan Bitcoin, matsakaicin cajin yini ya wuce dala 100. Bayan kowane irin wannan tashin cajin yakan dawo ƙasa, har ya yi watanni a satoshi 1 zuwa 5. Shi ya sa ba a tura Bitcoin da ka. A buɗe shafin mempool.space a ga farashin da ke ci a lokacin.

Minti 10 ɗin ma matsakaici ne, ba alƙawari ba ne. Kusan bulok 1 cikin 20 yakan haura rabin awa kafin ya fito, ko da ka biya caji mafi tsada. Masu karɓar babban kuɗi kuma sukan jira tabbaci 6, wato buloka 6 tun daga wanda ya ɗauki aikan, wajen awa guda.

In kuɗi ya maƙale, bai ɓata ba. Mai turawa zai iya amfani da RBF, wato ya sake aika wannan kuɗin da caji mafi yawa, sabon ya maye gurbin tsohon. Walat irin su Electrum da BlueWallet da Sparrow suna da wannan maɓalli. Mai karɓa kuma yana da CPFP: ya tura kuɗin da bai tabbata ba zuwa wani adireshinsa da caji mai kauri, mai haƙa ba zai iya ɗaukar ɗa ya bar uwa ba, sai ya ɗauki biyun tare. In ba a yi ko ɗaya ba, yawancin kwamfutocin da ke riƙe da mempool sukan watsar da aikan bayan mako 2, kuɗin ya koma hannun mai shi. Amma wanda ya tura daga dandalin musaya ba shi da RBF, tunda makullin ba a hannunsa yake ba. Nasa jira ne kawai.

Hukuncin Bitcoin a taƙaice: ya dace da babban kuɗin da ba a gaggawarsa. Biyan dala 30 a kansa ranar cunkoso ɓarna ce.

Lightning

An gina Lightning ne a kan Bitcoin don ƙananan biya, ya fara aiki sosai a 2018. Kuɗi na isa cikin daƙiƙu, caji kuma sau da yawa bai kai senti ba. Sai dai kuɗin na bi ne ta magudanan da mutane suka buɗe a tsakaninsu, kuma kowace magudana akwai iyakar abin da za ta ɗauka. Ƙaramin kuɗi na wucewa lafiya, babba yakan rasa hanya ya dawo. Buɗe magudana da rufe ta duk aika ne a kan Bitcoin ɗin kansa, da cikakken cajinsa, shi ya sa wanda ya buɗe sabon walat irin Phoenix yakan ga an yanke masa wani abu a karɓarsa ta farko. Walat masu riƙe maka makulli sun kauce wa wannan, amma kuɗinka amana ce a hannunsu. Takardar neman biya ta Lightning kuma tana da wa'adi, in ya wuce sai an nemi sabuwa. Manyan dandali irin su Kraken da Binance da Coinbase suna karɓarsa. Matsalarsa ga ɗan kasuwa ita ce abin da ke hannunsa Bitcoin ne, farashinsa na iya motsawa kafin ya canza.

Ethereum da 'ya'yansa

A nan ana auna aiki da gas. Tura ETH zalla, wato tsabar Ethereum ta kanta, gas 21,000 ne daidai. Tura USDT ko USDC (wata tsabar dala irinsa) ya fi nauyi, yakan kai wajen 65,000, saboda umarni ne ake ba wa wata manhaja da ke zaune a kan hanyar. Farashin gas kuma da gwei ake faɗarsa, kashi 1 cikin biliyan na ETH. In ETH na dala 3,000, gas na gwei 50, tura USDT zai ci ETH 0.00325, kusan dala 10. In gas ya sauka zuwa gwei 2, senti 39 ne. Tun gyaran da aka yi a Agusta 2021, asalin cajin na hawa da kansa har kashi 12.5 cikin 100 a kowane bulok muddin buloka na cika, kuma tun Satumba 2022 bulok na fitowa duk daƙiƙa 12. Ka ga cikin minti 2 na cunkoso caji na iya ninkawa fiye da sau biyu. Cikakken tabbacin da ba a warwarewa kuwa yana ɗaukar wajen minti 13.

Abu uku ke yi wa mutane ciwo a Ethereum. Ana biyan caji da ETH, don haka mai USDT 500 da ba shi da ko ƙwayar ETH ba zai iya motsa kuɗinsa ba. Aikan da ya faɗi a hanya, misali saboda an sa masa iyakar gas ƙasa da buƙata, an ci cajinsa ke nan, ba a mayarwa. Sannan kowane aika na da lambar jeri, kuma bi da bi ake sarrafa su. In na 7 ya maƙale saboda ƙarancin caji, na 8 da na 9 za su tsaya a bayansa komai tsadar da aka biya musu. Sake turawa sau uku ba ya warware komai, ƙara tsawon layi yake yi. Abin yi shi ne a sake aika na 7 da wannan lambar, da ƙarin caji aƙalla kashi 10 cikin 100. Walat ɗin MetaMask na da maɓallin hanzartawa da na sokewa, duka wannan aikin suke yi.

Arbitrum da Optimism da Base hanyoyi ne da ke tattara dubban aike-aike su rubuta su dunƙule a kan Ethereum. Bayan gyaran Dencun na Maris 2024 cajinsu ya faɗi warwas, tura USDC ko USDT yakan tsaya a senti ɗaya ko biyu, kuma yana bayyana cikin daƙiƙu. Ga mai neman arha tare da jingina da tsaron Ethereum, da wuya a samu abin da ya fi su. Aibinsu yana wajen fita. Mayar da kuɗi daga ɗayansu zuwa Ethereum ta gadar asali na ɗaukar kwana 7, lokacin da aka ware don a ƙalubalanci duk wani maguɗi. Wanda dandalinsa ke karɓar ajiya kai tsaye daga Arbitrum ko Base ba ruwansa da wannan jiran. Sai a duba kafin a shiga.

Tron: ba shi ne mafi arha ba, shi ne kowa ya sani

A nan ya kamata a daɗe, domin a kasuwar musayar hannu da hannu ta Najeriya, in aka ce USDT ba a ƙara komai ba, yawanci TRC-20 ake nufi, wato USDT ɗin da ke kan Tron. Tun umarnin Babban Bankin Najeriya na Fabrairu 2021 da ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, ciniki ya koma tsakanin mutum da mutum, kuma ko da aka sassauta a Disamba 2023 al'adar ta riga ta zauna. Ɗan kasuwar da zai biya kaya a Guangzhou ko Dubai, adireshin da za a turo masa galibi da harafin T zai fara.

Saurinsa ba abin kushewa ba ne. Bulok na fitowa duk daƙiƙa 3, kuma bayan tabbaci 19, wajen minti guda, magana ta ƙare. Cajin ne mutane ke riƙe da tsohon labarinsa. Tron na auna aiki da abu biyu, bandwidth da energy. Na farkon ana ba kowane asusu 600 kyauta a yini, tura USDT na cin wajen 345, don haka aika ɗaya a yini ba ya taɓa aljihu ta wannan ɓangaren. Energy ne mai tsadar. In mai karɓa yana da USDT a adireshinsa, aikan na cin kimanin 65,000. In adireshin babu USDT ko kaɗan, sai ya ninka zuwa kimanin 130,000. Wanda ba shi da energy, TRX ɗinsa, wato tsabar Tron, ake ƙonawa a madadinsa. An rage farashin energy a Satumba 2024, aka sake ragewa a Agusta 2025, har ya dawo wajen TRX 6.5 ga adireshi mai kuɗi, TRX 13 ga maras kuɗi. Da TRX a senti 30, kusan dala 2 ke nan da dala 4. Kwatanta da senti 2 na Base.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar TRX kaɗan a walat. Mutum na da TRX 8, ya tura wa sabon adireshi, aikan ya fara, energy ya ƙare a tsakiya, a ƙone TRX ɗin, USDT bai tafi ba, allo ya nuna masa "out of energy". Kafin turawa daga walat irin Trust Wallet ko TronLink, a duba adireshin mai karɓa a Tronscan a ga ko akwai USDT a ciki, a kuma ajiye aƙalla TRX 15 zuwa 20. Adireshin da bai taɓa aiki ba ma yana buƙatar wajen TRX 1 don a kunna shi.

Mai turawa kullum yana da hanyar rage wannan. Zai iya kulle TRX ya riƙa samun energy da ke cika kansa duk awa 24, sai dai kwance kullin na ɗaukar kwana 14. Ko ya yi hayar energy na awa ɗaya ko yini daga masu bayarwa, wanda yakan fi ƙona TRX arha sosai. A nan fa a kula: mai ba da hayar gaskiya adireshinka kawai yake buƙata. Duk shafin da ya ce ka haɗa walat ka sa hannu a wani izini, ko ka rubuta kalmomin sirrinka 12, ɓarawo ne.

Wani abin sani kuma, wakilai 27 ne kawai ke fitar da bulokan Tron, kuma Tether na da ikon daskare USDT a kowane adireshi, a kan kowace hanya. Wanda ke ajiyar shekaru ya sa wannan a lissafi. Wanda kuɗin zai kwana ɗaya ya wuce, bai cika shafarsa ba.

BNB Smart Chain da Solana

BEP-20, wato hanyar BNB Smart Chain, ita ce ta biyu da masu canji suka fi amsa. Caji 'yan senti ne ko ƙasa da haka, ana biya da BNB, kuɗi na isa cikin daƙiƙu. Masu tabbatar da bulokanta ba su da yawa, har an taɓa tsayar da ita cak a Oktoba 2022 bayan an yi wa gadarta kutse. In mai karɓa ya yarda da ita, ga dala 50 ko 100 ta fi Tron ma'ana nesa ba kusa ba.

Solana ta fi kowa arha a takarda: asalin caji SOL 0.000005 (SOL ita ce tsabarta), bulok duk ƙasa da rabin daƙiƙa, cikakken tabbaci cikin wajen daƙiƙa 13. In mai karɓa bai taɓa riƙe USDT ko USDC ba, mai turawa zai ƙara kusan SOL 0.002 don buɗe masa asusun tsabar, sau ɗaya tak. Halinta a cunkoso daban ne da na Bitcoin. Aika ba ya kwana a layi, in bai shiga cikin minti ɗaya da 'yan kai ba ya mutu, sai a sake, a ɗan ƙara cajin fifiko. An ga haka sosai a Afrilu 2024. Ta kuma taɓa tsayawa gaba ɗaya, wajen awa 17 a Satumba 2021, wajen awa 5 a Fabrairu 2024. Kuɗi bai ɓata ba, amma mai jiran sakin kaya ya sha zama.

Litecoin kuwa tsohon doki ne: bulok duk minti 2 da rabi, caji ƙasa da senti, kusan kowane dandali na da shi. Wasu na amfani da shi don kai kuɗi daga wani dandali zuwa wani. Sai a tuna akwai cajin saye da na sayarwa a kowane gefe, ga motsin farashi a tsakani, wanda kan cinye ribar a babban kuɗi.

Cajin dandali daban, cajin hanya daban

Da yawa daga masu zagin "tsadar kirifto" ba su taɓa biyan cajin hanya ba. Abin da suka biya kuɗin cirewa ne da dandalin musaya ya yanka da kansa, wanda kan tsaya a wuri guda ko da hanya ta yi arha. Wani lokacin kuma akasin haka ne, cire USDT ta TRC-20 daga dandali ya fi turawa daga walat ɗinka sauƙi, tunda su suna da energy jibge. Jinkirin ma haka. Dandali na iya riƙe cirewa don bincike, ko ya nemi tabbaci fiye da yadda hanyar ke buƙata kafin ya nuna ajiya. Yadda za a gane mai laifi: a nemi lambar aikan, TxID, a liƙa ta a shafin binciken hanyar. In babu lambar, kuɗin bai bar dandali ba tukuna. In shafin ya nuna an tabbatar, jinkirin na ɓangaren mai karɓa ne. In kuma ku biyun a dandali ɗaya kuke, tura ta lambar asusu ta cikin gida, ba caji, ba jira, domin ba a taɓa hanyar ba sam.

To wa zai ɗauki wacce?

Mai tura dala 20 zuwa 200 ga wanda zai canza nan take: a fara tambayarsa ko yana karɓar BEP-20, Solana, Arbitrum ko Base. In ya ce sai TRC-20, to dala 2 a kan dala 20 kashi 10 cikin 100 ne, gara a tara a tura sau ɗaya a wata maimakon sau huɗu. Mai biyan kaya na dala dubbai: Tron ya wadatar, dala 2 ko 4 ba komai ba ne a kan dala 10,000, kuma samun wanda zai karɓa ba gardama ya fi ragin senti daraja. Mai kai babban Bitcoin ma'ajiyarsa: hanyar Bitcoin ta asali, adireshin bc1q, a ranar da tasha ta yi sauƙi, da RBF a kunne. Ethereum na asali kuma sai in wanda za a biya ko manhajar da za a yi aiki da ita ba ta da wata ƙofa, kuma a duba gwei kafin a danna.

Asarar da ta fi kowane caji ita ce tura kuɗi ta hanyar da mai karɓa bai buɗe ba. Adireshin Ethereum da na BNB Smart Chain da na Arbitrum da na Base duk da 0x suke farawa, kamarsu ɗaya, walat ba zai hana ka ba. In adireshin na walat ɗin mutum ne da ke riƙe da makullinsa, da sauƙi: ya ƙara waccan hanyar a walat ɗin, ya sa ɗan kuɗin gas, zai ga kuɗinsa. In adireshin ajiya ne na dandalin da ba ya karɓar wannan hanyar, sai roƙo da cike takardu, wani lokaci da kuɗin nema, wani lokaci kuma shi ke nan. Haka hanyoyin XRP da TON da Stellar, in dandali ya ba da lambar memo ko tag aka manta da ita, kuɗin zai shiga babban asusunsu ba tare da sunan kowa ba. Don haka ga sabon adireshi, a sa mai karɓa ya rubuto sunan hanyar da hannunsa, a duba haruffa 6 na farko da 6 na ƙarshe bayan an liƙa, a kuma kwafo adireshin daga saƙonsa, kada a ɗauko daga tarihin aike-aike, domin ɓarayi kan turo ƙwayar kuɗi daga adireshi mai kama da nasa don ya shiga jerin. Sannan a fara da dala 5. A Tron wannan gwajin yana da ƙarin amfani: da zarar dala 5 ɗin ta zauna a adireshin, babban aikan da zai biyo baya energy 65,000 zai ci maimakon 130,000.